Rigar Dalma ta Maharaja Hiranpala

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya watsa bayinsa a kanta, ya ba wasu mulki, ya ba wasu hankali. Ni ne Jatau ɗan Gwadabe, Bazazzagi, maɗinkin manyan riguna, jikan maɗinka. Na keta rairayi, na hau teku, na ci abincin mutanen da ba su taɓa jin sunan tuwo ba. Kun ce in ba ku labarin sarki mafi girma da na gani a yawona, to, ku gyara zama. Zan ba ku labarin Maharaja Hiranpala na ƙasar Hindu, wanda sarakuna ke faɗuwa a gabansa. Na gan shi da riga, na gan shi ba riga, kuma wannan gani na biyu shi ya kusa raba ni da idanuna.

Kwaɗayin sana'a ne ya kai ni can. Bayan mun sauke farali ina yawo a kasuwar Jidda, sai na ga wani ɗan kasuwa ya zare zobensa, ya zura turmin yadi guda ta cikinsa, yadin ya fito ta ɗaya gefen sumul. Na taɓa shi, na ji kamar ban taɓa komai ba.

Na ce, "Malam, wa ya saƙa wannan, mutum ko aljan?"

Ya ce, "Masaƙan Kesargad ne, babban birnin Hindu."

Abokan tafiyata suka juyo gida, ni kuwa na bi jirgin ruwa na yi gabas. Teku kam kada ku tambaye ni. Na yi amai har na raina kaina, wani kifi da ya fi jirginmu tsawo ya yi ta raka mu yana feso ruwa ta ƙoƙon kansa, matuƙa na dariya, ni ina salati. Da muka sauka, na zauna a bakin gaɓa ina facin manyan ƙyallayen da iska ke tura jirage da su, har harshen mutanen ya zauna a bakina. Sannan na saka babbar rigata ta saƙi, mai aska takwas, wadda na yi wa aiki da hannuna, na kama hanyar Kesargad.

A hanya na tarar da wata bishiya, ikon Allah, saiwoyinta daga rassa suke saukowa su kafe a ƙasa, har ta zama daji ita kaɗai, ƙauye guda na zaune a ƙarƙashinta. Da mutanen suka hango ni sai kowa ya ranta a na kare. Mata suka suri 'ya'ya, maza suka faɗa gonaki. Na tsaya ina ta sallama, shiru. Zafi ya dame ni, na tuɓe rigar na rataya a reshe, na zauna daga ni sai 'yar shara. Ku da kuke ganina kun san yadda Allah ya yi ni, siriri kamar kara. Can sai na ji wata tsohuwa ta fashe da dariya a bayan bukka.

Ta fito tana tafa hannu, ta ce, "Ku fito, ku fito! Ashe rigar ce mai ƙiba, mutumin namu ne!"

Ta kawo mini ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa, ta ce in yi haƙuri, shi ne abincin gidan. Na dubi gonaki, ga shinkafa kore shar har iyakar gani. Na ce, "Iya, ina shinkafar take zuwa?"

Nan ta ba ni labarin mizani. Ta ce kakan wannan sarki mutum ne mai tausayi. Sau ɗaya a shekara yakan hau wani babban mizani a gaban jama'a, a zuba shinkafa a ɗaya farantin har ta yi daidai da nauyinsa, a raba wa miskinai. Da mulki ya zo hannun Hiranpala sai ya ce al'adar na da kyau, amma an juya ta baibai. Ya ce daga yanzu shi za a auna, kowane gida a ƙasar ya kawo shinkafa daidai nauyinsa. Masu duban taurari na fada suka tafa, suka ce in sarki ya ƙaru, ƙasa ce ta ƙaru. Tun daga lokacin nauyinsa bai taɓa raguwa ba, kowace shekara sai sama. Shi ya sa in talaka ya hango mai jiki yake gudu, don a ƙasar nan ba mai ƙiba sai mai karɓar shinkafa.

Na ce, "To masaƙan yadin nan mai shiga zobe fa?"

Ta ce, "Ɗana, ka makara. Sun jingine kayan saƙa sun shiga gona, kowa na neman abin da zai biya sarki."

Raina ya ɓaci. Na keto teku don ilimin da wani mai haɗama ya riga ya kashe. Na tashi na zura rigata zan koma inda na fito. Ashe wani jami'in fada na bisa doki a gefen hanya yana kallona, ya ga siririn mutum ya shiga riga ya fito ƙato. Ya sa na tuɓe, ya sa na mayar, ya sake sa na tuɓe. Sai ya yi murmushin da ban so ba, ya sa aka ɗora ni a keken shanu.

Haka na shiga Kesargad a ɗaure. Birni ne na farin dutse, ruwa na tsalle daga ƙasa a tsakar gidaje, ɗawisu na yawo a kan katanga, giwaye sanye da ƙararrawa. A kowace mararraba an kafa gunkin Hiranpala, ƙirji kamar ƙofar gari. Aka kai ni gaban waziri, wanda su suke kira Diwan, sunansa Madukar. Shi kam ƙibarsa ta gaske ce, wuyansa hawa-hawa. Ya juya rigata, ya leƙa cikinta, ya shafa shafin, ya kori kowa daga ɗakin.

Ya ce, "Baƙo, za ka ɗinka wa Maharaja irin wannan kafin ranar mizani. Za ka cusa mata auduga, ka jera mata dalma a ciki. In ka yi, za a yi maka sakayyar da ba a taɓa yi wa baƙo ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na auna mai rigar."

Ya dube ni cikin ido, ya ce, "Za ka gan shi."

Aka bi da ni ta ƙofa bayan ƙofa har wani ɗaki mai labule. Jama'a, ga mai duniyar Hindu! Wani ɗan tsamurmurin tsoho na gani a kan gado, haƙarƙari a waje, ƙafafu kamar na zalɓe, yana tsotsar rake yana tofarwa a kwanon zinariya. Ciwo ya cinye shi tun shekaru, bai bar masa komai ba sai haɗama da murya. Wallahi da hannu ɗaya zan ɗaga shi. Wannan ne ake yunwatar da ƙasa guda saboda nauyinsa. Na faɗi na yi gaisuwa, ina danne dariya har cikina ya ƙulle.

Ya ce, "Kai baƙo, sarakunan ƙasarku sun kai ni cika ido?"

Na ce, "Ina! Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin irinka ba."

Ya ji daɗi, ya miƙo mini guntun raken da ya tsotse, wai kyauta.

Aka ba ni wurin aiki a wani zaure na bayan fada. A nan na tarar da tsofaffi zaune a jere suna shiɓar auduga, ba mai ɗaga kai. Da na matsa kusa sai na ga babu mai ido ko ɗaya a cikinsu, ramuka ne kawai. Babbansu, wani mai farin gemu da ake kira Sukdeb, ya laluba ya kama hannuna, ya shafa yatsuna.

Ya ce, "Maɗinki ne. Sannu da zuwa, ɗana. Ka ga Maharaja ba riga?"

Na ce, "Na gan shi, Baba."

Ya ce, "Mu ma mun gan shi. Kowannenmu ya yi masa kayan mizani na shekara guda. Da an gama biki sai a zo da ƙarfe mai zafi. Ita ce sakayyar da Diwan ke faɗi. Ka ƙare wa duniya kallo tun da sauran dama."

Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye muku. Maɗinki ba ido, ai gara a binne shi. Na zauna na kasa zura zare a allura. Da tsoron ya lafa sai haushi ya maye gurbinsa. Ni, Jatau, a ƙwaƙule mini ido don na ga haƙarƙarin wannan abin? Na ce, "Baba, ba wanda ya taɓa tserewa?"

Ya yi dariya mai ɗaci, ya ce akwai wata al'ada da ta rage tun zamanin kakan. Muddin sarki na kan mizani, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, to, yana tsakanin sama da ƙasa ne. Ba a zubar da jini, ba a rufe ƙofa, ba a tare mai tafiya, ko da fursuna ne. Kuma ba mahalukin da zai taɓa sarki ko mizanin, sai ya sauko da ƙafarsa, a buga babban tambari, sannan awon ya tabbata, doka ta dawo.

Na ce, "To me ya hana ku fita?"

Ya ce, "Hiranpala ya mayar da abin wasa. Yana hawa a buɗe kurkuku, fursunoni su kwasa da gudu. Kafin su kai ƙofar gari ya diro, a buga tambari, a sakar musu horarrun damisoshi. Shi ne abin da ya fi so a duk bikin. Ba ya daɗewa a sama, ɗana, ko kwanon shinkafa ba za ka gama ci ba."

Na maimaita, "Sai ya sauko da ƙafarsa?"

Ya ce, "Da ƙafarsa."

Nan take na ɗauki allura, na zura zare.

Na yi wa mutumin nan rigar da ban taɓa yi wa kowa ba. Jan alharini, aikin zinariya daga wuya har ƙasa, faɗinta ya isa a yi rumfa. A ciki na cusa auduga na dandatse ta kamar lifidin doki, na yi ƙananan aljifai jere-jere, na cika su da dalma. Ranar gwaji na farko na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu babban sarki ba ya ɗaukar rigarsa da kansa, ƙasƙanci ne. Ƙarti ake sawa, biyu a dama biyu a hagu, su tallafe hannayen rigar, shi kuwa ya yi ta takawa."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ya haɗiye ta da daɗi. Aka kawo ƙarti majiya ƙarfi suka tallafe rigar, nauyin ya koma kansu. Su sun ji abin da ke ciki, amma sun san makomar mai yawan sani a fadar nan, suka yi gum. Hiranpala ya taka, ya juya, ya dubi madubi, ya ga ƙato.

Ya ce, "Ban ji nauyi ba. Ƙara dalma."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

A gwaji na biyu ya ce a ƙara. A na uku ma haka. Diwan na gefe yana lashe baki, yana hango rumbuna. Sai da ƙartin nan suka fara nishi, jijiyoyin wuyansu suka fito, sannan ya ce ya isa. Ban taɓa tilasta masa ko ƙwaya ɗaya ba, shi ya yi ta roƙo da bakinsa.

Da safiyar ranar mizani na shirya shi da kaina. Na ce don kada riga ta zame a gaban jama'a asiri ya tonu, bari in ɗinke ta a jikin 'yar cikinsa. Na ɗinke wuya, na ɗinke ƙugu, na haɗa da wandon, da zare riɓi-riɓi, ɗinkin da sai almakashi. Diwan ya dafa kafaɗata ya ce in jira shi a zaure bayan biki, sakayyata na nan tafe. Na yi masa godiya.

Filin ya cika maƙil. Ƙananan sarakuna da ke ƙarƙashin Maharaja na zaune a rumfuna, babban ɗansa Yarima na gaba, talakawa na tsaye a rana. Mizanin na tsakiya, doguwar sanda ta ƙarfe da faranti biyu rataye da sarƙoƙi, an gina 'yar matakala har bakin ɗaya. Damisoshi na gefe a ɗaure suna hamma. Hiranpala ya fito, maroƙa suka ɓarke, ƙarti suka hau da shi, suka zaunar da shi ya tanƙwashe ƙafa, suka saki riga suka ja da baya, farantin ya nutsa da shi. Aka fara zuba shinkafa a ɗaya farantin, buhu bayan buhu, har farantin sarki ya tashi sama ya daidaita da matakalar. Masu duban taurari suka yi kururuwa, wai tun da aka kafa Hindu ba a taɓa samun sarki mai nauyin wannan ba. Talakawa suka dubi tulin buhunan, wasu suka fara hawaye.

Aka buɗe kurkuku, fursunoni suka kwasa. Hiranpala ya yi murmushi, ya yunƙura zai tashi.

Bai ko motsa ba.

Ya sake yunƙurawa, fuskarsa ta yi jawur, kansa kawai ke leƙowa daga wuyan riga kamar na kunkuru. Ina tsaye kusa da matakala da kwandon zarena, na ga idanunsa sun fito, bakinsa na motsi, amma kakaki da kirarin maroƙa sun hana jama'a jin muryar. Diwan ya gane. Ya yi taku ɗaya zai je, sai Yarima ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ina za ka, Diwan? Ka manta al'ada? Ba mai taɓa mahaifina sai ya sauko da ƙafarsa."

Yarima ya daɗe yana jiran gado, gashinsa har ya fara furfura, ba shi da wata gaggawa. Diwan kuwa in ya ce sarki ya kasa tashi, sai an tambayi dalili, in an tambayi dalili sai an leƙa riga, in an leƙa riga kansa ne zai fara faɗuwa a gaban sarakunan nan. Ya tsaya yana zufa. Can ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya ya ce Maharaja ya shiga zurfin tunani, yana ganawa da sama, a ƙara kiɗa. Aka ƙara kiɗa.

Ni dai na juya na koma zaure, ban yi gudu ba. Na warware rawanina na ba Baba Sukdeb bakinsa, na ce sauran su kama a jere.

Ya ce, "Ɗana, ba za mu kai ƙofa ba, za a buga tambari."

Na ce, "Baba, taka a hankali kada ka yi tuntuɓe. Mutumin naku ba yau zai sauko ba."

Muka ratsa birnin, ni a gaba, makafi a baya. A ƙofar gari wani dogari ya gitta mashinsa, ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Ka ji tambari?"

Ya kasa kunne, ya dubi abokinsa, ya janye mashin. Muka wuce. Da muka hau wani tudu na waiwaya, na hango ɗan jan abu na lilo a tsakiyar fili, rana ta take a kansa, kiɗa na tashi. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra. Na shafa idanuna biyu na ce alhamdulillahi. Na raka tsofaffin nan har ƙauyukansu, kowa na damƙa shi ga danginsa, na sami jirgi na bar musu ƙasarsu.

Bayan shekaru, ina zaune a Jidda ina ɗinki kafin in sami ayarin gida, sai ga wani bafatake daga Kesargad ya kawo gyaran riga. Na tambaye shi labarin Hiranpala. Mutumin nan ya haɗa tafin hannuwansa a goshi, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Ka san shi? Bawan Allah, ba a taɓa yin sarki mai jinƙai irinsa ba! Ya dubi wahalar talakawa ya ce ba zai sauko ba, don kada a buga tambari. Yunwa da ƙishi da rana, yana zaune bai motsa ba har ransa ya fita. Fursunoni duka suka tsira, shekarar nan ba gidan da ya ba da shinkafa. Ɗansa da kansa ya shirya gawar, bai bar kowa ya taɓa ba, ya gina ƙubba a kan mizanin. Yanzu daga ko'ina ake zuwa ziyara, iyaye na sa wa 'ya'yansu sunansa."

Na ajiye allura na dube shi. Na ce, "To, madalla."

Ya ce, "Abu ɗaya ne masana ke gardama a kai har yau. An ga bakinsa na motsi, ba a san addu'ar da yake yi wa ƙasa ba. Wasu sun ce ruwan sama yake roƙo, wasu sun ce zaman lafiya."

Na ce, "Ni ina kusa da matakala ranar, na ji shi da kunnena."

Ya zabura, ya kama gwiwata, ya ce, "Don girman Allah faɗa mini, in kai wa mutanenmu!"

Na gatsa zare, na tofar, na miƙa masa rigarsa. Na ce, "Cewa yake, 'Ku kira mini maɗinkin nan, ya zo da almakashi.'"